Ruwan da Ladi Ta Bi

Ku matso kusa ku ji, don ba zan ƙara maimaitawa ba. Tun da na dawo daga Nijar ban sha ruwa da daɗi a gidana ba. In na fita shanya, Rifkatu ta leƙo ta katanga: "Saratu, wai yaya can ɗin yake?" In na je zumuntar mata, ana tsakiyar waƙa wata za ta zungure ni da gwiwar hannu: "Wai a ƙarshe cocin wa ya shiga?" Har mai kawo mini itace sai da ya tambaya. To ga shi na zauna na rubuta da hannun nan nawa na 'yar yaƙi da jahilci. Wadda ta ga harafi ya karkace, ta miƙe shi da kanta.

Kun san ni ba mai zuwa ko'ina ba ce. Daga ɗaki sai bakin murhu, sai coci, shi ma cocin na zaɓe shi ne don duk Gumel shi ya fi kusa da ƙofata. Mutane aƙidarsu a ka take, ni tawa a gwiwa. Saboda haka da saƙo ya zo cewa yayana Nomau yana kwance a Rijiyar Ƙirya, wani ƙauye can bayan iyaka, kuma ya ce lalle a zo masa da Saratu, sai da na tambaya ko akwai wata Saratun.

Yaya Nomau shi kaɗai ya rage a gidanmu bai karɓi bishara ba. Bamaguje ne irin na da. Ya auri ƙawata Ladi, ya kwashe ta da awakinsa suka koma Nijar tun muna da cikakkun haƙora. Ladi ta yi ta fama da shi har ta koma ga Ubangiji, bai taɓa leƙa ƙofar coci ba. In an fara yi masa wa'azi sai ya ce a bari ya gama cin tuwo, tuwon nan kuwa ba ya ƙarewa. Yanzu ciwo ya kwantar da shi, ƙafafu sun kumbura, shi da bakinsa ya ce yana son a yi masa baftisma kafin ya tafi.

Abin murna, ko ba haka ba? Ni ma haka na ɗauka. Na manta yana da 'ya'ya.

Su biyu ne. Babban, Iliya, yana sayar da hatsi a Gagarawa, dattijo ne a cocin da suke cewa in ba a nutsar da mutum cikin ruwa har gashin kansa ba, to wanka kawai ya yi. Ƙanwarsa Maryamu tana Sule Tankarkar, ta auri Emeka, wani Ibo mai kantin kayan babur, ta bi shi cocin Fada, wato Katolika, inda ake zuba ruwa a goshi. Tun ranar da aka yi wa ɗanta na fari baftisma, Iliya ya ce a gaban jama'a, "An dai wanke wa yaro fuska," ba su ƙara gaisawa ba sai ta bakin wani. Uwarsu ma ba su bar ta ta huta a kabarinta ba. Iliya ya ce tasu ce, don in ta zo Gagarawa cocinsu take zuwa. Maryamu ta ce tasu ce, don da carbin da ta ba ta a hannu ta cika.

Safiya ɗaya suka dira a ƙofata. Iliya ya zo a motar maƙwabcinmu Malam Habu, mai jigilar Maigatari, tare da fastonsu, Fasto Ayuba, wani dogo mai sanyin magana, mutumin kudancin Kaduna. A saman motar kuwa ga wani ƙaton tankin roba baƙi, an yanke samansa.

Na ce, "Iliya, gini za mu je yi?"

Ya ce, "Gwaggo, bazara ce. Can babu kogi babu tafki. A ciki za a tsoma Baba."

"Ashe jiƙa shi za a yi kamar geron kunu."

Bai yi dariya ba. Iliya tun yana yaro ba ya dariya sai an bayyana masa dalili.

Muna cikin haka babur ya tsaya da Emeka da Maryamu. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta gaida Fasto da gefen baki, ta kalli wanta kamar yadda ake kallon turken akuya. Ta buɗe jaka ta nuna mini wata kwalba da ba ta fi ta man zafi girma ba. Ruwa ne mai tsarki, Fada ya sa masa albarka, kuma an riga an buga wa Fadan Nijar waya zai tare mu. Kun ji shirin 'ya'yan Nomau: ɗaya ya kawo mazubi babu ruwa, ɗaya ta kawo ruwan da ko ɗan tsako ba zai ƙosar ba.

Emeka, bawan Allah, yana son ya nuna shi surukin kirki ne. Ya zaga motar, ya taɓa igiyar tankin, ya ce, "Yaya, wannan ɗauri ba zai kai ko'ina ba." Ya kwance ya ɗaura irin nasa, na masu ɗora kaya a babur. Iliya ya jira har Emeka ya shiga gida shan ruwa, ya kwance ya mayar da irin nasa, na masu ɗaure buhu. Ku riƙe maganar igiyar nan, za mu dawo kanta.

A mota Fasto ya zauna gaba, Emeka ya biyo mu a babur. Ni aka sa a tsakiyar baya in zama katanga. Ba mu fita daga Gumel ba aka fara aike.

"Gwaggo, ki ce wa wasu su matsa da jakarsu."

"Gwaggo, ki ce wa wasu abin da ke cikin jakar nan ba dusa ba ce."

Na ce, "Ku da kunnuwanku ke kusa da juna fiye da nawa, ku taimaki tsohuwa."

Mun faɗa Maigatari ranar kasuwa. Ku ji abin kunya: garin nan yana nan kusa da hancina tun ina budurwa, ban taɓa ganin kasuwarsa ba. Raƙuma kamar an zubo su daga buhu, shanu masu ƙaho kamar reshen kuka, Buzaye sun naɗe fuska sai ido, kowa yana ciniki da hannu a cikin riga. Muka tsaya cin awara da yaji a wata rumfa. Fasto ya ce a yi addu'a, ya rufe ido ya fara, ya bi ta kan marasa lafiya, ya bi ta kan matafiya, ya nufi shugabanni. Maryamu ta ga ba za a bar ta a baya ba, ta yi alamar gicciye ta tayar da tata a gefe. Malam Habu ya ce bismilla. Kafin a kai ga amin ta farko ya cinye rabonsa, ya wanke hannu, yana sakace.

Da muka koma mota ya dube ni ta madubi ya ce, "Maƙwabciya, in tambaya mana. Ba Annabi Isa ɗaya kuke bi ba duk ɗinku?"

Iliya da Maryamu suka amsa tare, "Shi ne, amma..."

Ya ce, "A'a, ku bar ta nan, na gane. Mu ma muna da namu. Wani ya rungume hannu a salla, wani ya saki, kuma a kan haka sai a shekara ba a ci a kwano ɗaya ba. Na zata ku kun tsira."

A iyaka aka karɓi katunanmu. Na ɓangaren Nijar, jandarma suke ce musu, wani siriri mai tsabta ya kalli hoton katina, ya kalle ni, ya ce, "Madam, kin yi jinya ne?" Na ce hoton ne ya yi jinyar, ni lafiyata ƙalau. Amma madam ɗin nan ta yi mini daɗi. Na haihu na aurar a Najeriya babu wanda ya taɓa ce mini madam, sai da na taka ƙasar wasu.

Sai idonsa ya kai kan tanki. Ya ce a sauke. Aka kwance igiya aka sauke, ya sa kai ciki ya shinshina ko zai ji warin fetur. Bai ji ba. Ya ce, "Me za ku zuba?"

Fasto ya gyara murya ya ce, "Mutum za mu sa a ciki."

Jandarma ya ja da baya. "Mai rai?"

"Da sauransa," in ji ni.

Fasto ya shiga bayani, Maryamu tana gyara masa daga baya cewa ba dole ne sai da tanki ba, Iliya yana cewa dole ne. Jandarma ya kira abokan aikinsa su zo su ji. Suka tsaya suka saurari wa'azi iri biyu a tsakiyar rana, kyauta. A ƙarshe ya miƙo katunanmu ya ce, "Allah ya ba tsohon lafiya. Ku dai kar ku manta ku fito da shi."

Aka mayar da tanki sama. Emeka ya ɗaure ta ɓangarensa. Iliya ya zagaya ya fara kwance na Emeka don ya gyara, sai Malam Habu ya danna ham saboda wata babbar mota a bayanmu. Iliya ya faɗo ciki da sauri. Shi yana ganin Emeka zai ƙarasa, Emeka yana ganin ya riga ya gama.

Inda kwalta ta ƙare rairayi ya fara. Motar tana tangaɗi kamar mai dawowa daga gidan burkutu, haƙoran da suka rage mini suna gaisawa da juna. Muna hawa wani tudu sai muka ji ƙuuu a sama, sannan dim a baya. Na waiga na ga tankin Iliya yana gangarawa shi kaɗai, ya nufi Najeriya. Ya daki kututturen wata aduwa ya tsage tun daga baki har gindi.

Muka fito muka kewaye shi. Fasto ya cire hula kamar a bakin kabari. Iliya ya ce ɗaurin Ibo ne. Emeka ya ce, "Yaya, ɗaurina yana nan, wani ne ya taɓa." Maryamu kuwa ta ciro kwalbarta ta duba ko ta fashe, ta ɗaga ta sama yadda kowa zai ga lafiyarta lau. Wata Bafulatana da ke wucewa da ƙwaryar nono ta tambaya ko mun gama da shi, tana son ta riƙa rufe kaji. Haka tankin ceton Yaya Nomau ya zama akurki.

Saboda ɓata lokacin nan rana ta yi ƙasa ba mu kai ba, dole muka sauka a wani gari a gidan Fadan da Maryamu ta ce. Can ba Fada suke cewa ba, Mompe suke cewa. Maryamu ta gaya mini Ba'indiye ne, ni kuwa na shirya ganin fari mai gashi har kafaɗa, irin na fim, wanda in ya ga bishiya sai ya zagaya ta da waƙa. Sai ga wani ɗan gajeren tsoho ya fito da silifa, ya fi Emeka baƙi, ya buɗe baki ya ce, "Sannunku da hanya, kun sha rairayi. Ina tsohuwar da aka ce ba ta fita?" Hausa tsaf irin ta Damagaram. Na ji kunyar tawa.

Abincinsu kuwa sai a hankali. Burodinsu dogo ne kamar taɓarya, in ka buga wa mutum sai an kai ku wurin mai gari. Na jiƙa nawa a shayi har ya tuba. Sannan aka kawo shinkafa da wata miya da Mompe ya dafa da hannunsa irin ta garinsu. Iliya ya ce shi ba ya jin yunwa, don ya ga mutum-mutumin Maryamu uwar Yesu a tsakar gidan. Da ƙamshi ya kai masa sai ya ce zai ɗanɗana don kar a ce ya raina. Ya ɗanɗana har kwano biyu, hawaye na zuba saboda yaji. Kwana kam ya ce a mota zai kwana, ba zai kwanta a inuwar gunki ba. Da safe ya fito fuska duk ƙuraje. Sauron Nijar bai tambaye shi cocinsu ba.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne Fasto da Mompe. Na zata za a yi kokawa. Sai na same su a kan benci ɗaya suna ta hira: wannan ya ce rufin cocinsa na yoyo, wancan ya ce nasa iska ta ɗauke, wannan ya ce mutanensa sai an kusa tashi suke zuwa, wancan ya ce nasa suna zuwa da wuri amma barci suke yi. Masu kayan suna shan shayi, 'yan dako suna faɗa a waje.

Da hantsi Mompe ya hau babur ɗinsa ya yi mana jagora har Rijiyar Ƙirya. Ƙauye ne ƙarami, da rijiya mai zurfi a bakinsa wadda raƙumi ke jan guganta. Masu bi a garin ba su cika tabarma uku ba, kuma duk a rumfar zana ɗaya suke sujada: wani Buzu mai suna Agali da matarsa, wani malamin makaranta mutumin Kwatano, da gida biyu na Hausawa. Maryamu ta ja matar Agali gefe ta ce, "Ku 'yan wane coci ne?"

Matar ta nuna rumfar ta ce, "Wancan."

"A'a, ina nufin na Fada ne ko na su Fasto?"

"In Mompe ya zo mu saurara. In fasto ya zo daga Damagaram mu saurara. Mu nan ba mu kai yawan da za mu rabu ba. In mun rabu, wa zai ɗauki gawar wani?"

Na ce a raina, ashe rabuwa ma sai an ƙoshi. Mu a Gumel layi ɗaya coci uku, kowanne da lasifikarsa tana kallon ta ɗan'uwansa.

Yaya Nomau yana kwance a kan tabarma a zaure. Sama ya bushe kamar kara, ƙafafu kamar turmi. Na durƙusa na kama hannunsa. Ya buɗe ido ya ce, "Saratu, kin tsufa."

Na ce, "Kai ne ka ƙara kyau, Yaya."

Iliya ya matso ya gabatar da Fasto. Maryamu ta matso ta gabatar da Mompe da kwalba. Ya bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "Ni mutum ɗaya na aika a kira, sai ga kasuwa." Ya juyo gare ni. "Saratu, kafin Ladi ta tafi ta ce mini inda za ta, ta ruwa ake shiga. Ni can nake so. Wannan ya aiko mini cewa ruwansa ne, wannan ta aiko cewa nata ne. Ke kuna tare ranar da aka yi mata. Wane ruwa Ladi ta bi? Shi za a yi mini, ba na son in ɓata hanya."

Sai a lokacin na gane abin da ya fito da ni daga ɗakina. Duk duniya ni kaɗai na rage da na ga ranar nan. 'Ya'yan kowanne ya gyara zama, yana jiran in miƙa masa uwarsa.

Na ce, "A kududdufin bayan garinmu aka yi mana, inda ake haƙar ƙasar gini, ƙarshen damina, muna 'yan mata. Malam Yohanna ne ya yi, mai yawon bishara a kan keke. Ruwan iya gwiwa ne, kore shar, kwaɗi na ta tsalle. Muka durƙusa, ya kwance kwanon shansa daga jikin keke, ya ɗebo ya juye mana a ka."

Iliya ya ce, "Ba a nutsar da ita ba?"

"Gwiwarta dai ta nutse."

Maryamu ta ce, "Amma Fada ne ya aiko shi?"

"Da wandon kaki da takalmin taya? Sunan cocinsa wani dogon Turanci ne, shi kansa sai ya huta a tsakiya. Da ya rasu cocin ya rasu, ɗakin yanzu riɗi ake ajiyewa a ciki."

Na ce, "To ku gaya wa ubanku. In ruwan ɗayanku kaɗai ke kaiwa, uwarku tana ina? Ni ma ku gaya mini, in san inda zan nufa, don ruwanmu ɗaya da ita."

Babu wanda ya amsa. Iliya yana kallon ƙasa. Yaya Nomau ya jira, ya jira. Da ya ga shirun ya yi yawa sai ya juya fuska ga bango ya ce, "In Ladi ba ta shiga ba, ni me zan je yi? Ku koma da ruwanku. A bar ni inda aka bar ta."

Ku da kuka san taurin kan gidanmu kun san ba wasa yake ba. Mutumin da ya ƙi har tsufa, ya yarda sau ɗaya, ga shi 'ya'yansa sun mayar da shi da hannunsu. Na fara tunanin da na yi ƙarya na ce tafki ne.

Mompe ne ya tsuguna kusa da ni ya ce, "Iya, da yana zuba ruwan, me ya ce?"

Na ce ya kira sunan Uba, da na Ɗa, da na Ruhu Mai Tsarki. Wannan kam ko a barci aka tashe ni zan faɗa.

Ya ce, "To a wurinmu ta shiga. Wanda aka yi wa haka ba ma sake masa."

Maryamu ta ce, "Mompe!"

"Ba ni na ƙirƙiro ba, 'yata. Haka yake tun kafin a haifi kakana. Ke ce ba ki tambaya ba."

Ido ya koma kan Fasto Ayuba. Ya ciro hankici ya share wuya, ya ninke, ya sake sharewa. Na tausaya masa, don ga dattijon cocinsa yana kallon bakinsa. Can ya ce, "Ni tsomawa na koya, ita na gaskata, ita zan yi ta yi har in mutu. Amma ba zan tsaya a gaban mutumin nan in ce matar da ta bi Yesu duk rayuwarta tana waje saboda kududdufi bai cika ba. Iliya, in kai za ka iya faɗa, ga ubanka nan, faɗa masa."

Iliya ya rufe fuska da hula. Ƙaton mutum mai rumbuna, yana kuka kamar an ƙwace masa ƙosai.

Yaya ya juyo a hankali. "Ta shiga ke nan?"

Suka ce ta shiga.

"To a yi mini."

Emeka ya ce, "Baba, wa zai yi, Fasto ko Mompe?" Na so in make shi.

Yaya ya ce, "Wanda ya fi kusa."

Kun ji jini. Aƙidar gwiwa ashe ta gidanmu ce gaba ɗaya. Fasto ne ya fi kusa, Mompe ya ce shi zai riƙe. Fasto ya tambaya ko akwai inda mutum zai iya shiga ruwa a garin. Agali ya yi magana ta cikin rawani: akwai kwami a bakin rijiya, na siminti, inda ake zuba wa dabbobi ruwa. Sai dai a bi layi, raƙuma ne a gaba.

Muka bi layi. Ban taɓa jin inda aka jira raƙumi ya gama sha kafin a shigar da mutum mulkin sama ba, amma na gani da idona. Da suka gama, ni da Maryamu da matar Agali muka dirje kwamin da tsintsiya. Raƙumin Agali ya yi ta jan guga, malamin Kwatano yana juyewa, har kwami ya cika fal. Aka kawo Yaya a amalanke, Malam Habu na riƙe masa da lema. Fulani masu jiran layi suka jingina da sandunansu suna kallo. Ana cikin hidima na ga Maryamu ta zaro kwalbarta a ɓoye ta juye a cikin kwamin. Iliya ma ya gani. Sai ya ɗaga kai yana duban raƙumi, kamar bai taɓa ganin irinsa ba.

Aka ɗauki Yaya aka kwantar a ciki. Sai ga matsala: wanda ya gina kwamin bakin raƙumi ya auna, bai auna Nomau ba. Jiki ya shiga, gwiwoyi da fuska suna waje. Iliya ya danna gwiwa, kai ya ƙara tasowa. Mompe ya naɗe hannun riga ya shiga da ƙafa ɗaya, ya tallafi ƙeyar Yaya don kar ya shaƙe. Fasto ya durƙusa a cikin laka ya ce, "Baba, ka gaskata da Yesu Almasihu?"

Yaya ya ce, "Da ban gaskata ba zan kwanta a kwanon raƙumi?"

Fasto ya dubi fuskar nan da ta ƙi nutsewa, ya dubi hagu, ya dubi dama. Maryamu ta karɓi ƙwarya daga hannun matar Agali ta miƙa masa. Ya ɗan tsaya. Sannan ya karɓa, ya ɗebo daga cikin kwamin, ya kira sunayen nan uku da Malam Yohanna ya kira a kanmu, ya juye wa Yaya a ka. Mutumin Kaduna yana zubawa, Ba'indiye yana riƙe da kai, Ibo yana riƙe da zani a buɗe yana jira, Buzu ya ce amin ta cikin rawani. Ni guɗa na yi niyya, kuka ya riga ta fita.

Da aka fito da shi aka naɗe, Iliya ya matsa kusa da Fasto ya ce a hankali, "Fasto, wannan tsomawa ce ko zubawa?"

Fasto yana matse ƙafar wandonsa ya ce, "Tambayi wandona."

Yaya ya kira ni da ido. "Saratu, haka aka yi wa Ladi?"

Na ce, "Naka ma ya fi nata tsabta, babu kwaɗi."

Ya lumshe ido ya ce, "To a ba ni fura."

Kafin mu bar wurin raƙumin Agali ya sa baki ya shanye sauran ruwan tas, har da na kwalbar Maryamu. Shi ban san cocin da za a rubuta shi ba.

A hanyar dawowa ni aka sake sawa a tsakiya. Mun wuce akurkin Bafulatana, kaji sun riga sun tare. Can wajen iyaka sai na ji Iliya ya ce, "Maryamu, matsa da jakarki." Ta ce, "Ba zan matsa ba." Baki da baki, babu Gwaggo ki ce. Malam Habu ya dube ni ta madubi, na dube shi, kowa ya yi kamar bai ji ba.

Yaya Nomau bai ga ruwan farko na daminar nan ba. An binne shi kusa da Ladi. Ban koma ba, gwiwa ta ce ta yi iya nata, amma an gaya mini Agali da malamin Kwatano da Emeka da Iliya ne suka ɗauki makarar. Yanzu 'ya'yan suna rigima a kan abin da za a rubuta a jikin gicciyen kabari, kullum sai sun kira juna a waya sun yi faɗa sun ƙoshi. Ni a wurina ci gaba ne.

To ga amsarku, masu zungurata a tsakiyar waƙa. Cocin wa ya shiga? Ban sani ba, kuma duk wanda ya tsaya a bakin rijiyar nan bai sani ba. Amma ke Rifkatu, da ke mai karanta wannan, ki ajiye abin da ke hannunki ki gaya mini tsakaninki da Allah: ranar da ya isa can, Ladi ta taso da gudu ta tarbi mijin da ta gama rayuwarta tana jira, kina jin abin da za ta fara tambayarsa shi ne iya ina ruwan ya kawo masa?